Notin Da Na Raina

Duk wanda ya san Kontagora ya san cewa babur shi ne dokin talaka a wannan zamani, shi ne kuma jakinsa. Tun da asuba za ka ji rurinsa a hanyar Tegina, da ta Yawuri, da ta Rijau; wani ya ɗauro buhun masara, wani ya ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti, wani kuwa ya jero 'ya'yansa uku zai kai su makaranta. Garin nan da Umaru Nagwamatse ya kafa a bisa doki cikin ƙarni na 19, yau a bisa babur mutanensa suke neman abin sawa a baka. Amma akwai wata ɗabi'a ta mahaya doki wadda mu mahaya babur muka yar. Barde ba ya sa ƙafa a likkafa sai ya taɓa majayi ya ji ko ya ɗauru, domin ya san komai kyan sirdi da adonsa, wannan 'yar ɗamarar ce ke riƙe da shi. Mu kuwa mukan duba mai, mu duba iskar taya, mu goge madubi, ba ma tambayar abin da ke riƙe da ƙarafan da muke zaune a kansu. Ni ma haka nake a da, sai da na sha ƙasa, na kuma kayar da ɗana, sa'an nan na koyi darasin da nake so in gabatar wa masu karatu a yau.

Ni malamin makaranta ne, ina kuma taɓa noma kamar yawancin mutanen ƙasarmu. Gonata tana can gefen hanyar Rijau, sai an bar babban titi an bi wata 'yar turba wadda ke gangarawa cikin wani rafi kafin a haura. Da rani rafin yashi ne zalla, da damina kuwa ruwa yakan kai rabin taya. Babur ɗina shi ke kai ni makaranta da safe, shi ke kai ni gona da la'asar, shi ke ɗaukar iri da taki, shi ke kuma dawo da amfanin gona idan kaka ta yi.

Abin da ya fara damuna game da shi tsatsa ce, musamman a jikin notuna. A bakin makanikanmu kalmar noti ta haɗa abu biyu: akwai dogon mai kai da zare a jikinsa, wanda ake zurawa a rami, akwai kuma ɗan zoben nan mai kusurwa shida da ake murza masa. Zaren shi ne suke kira tiredi. Yawancin notunan babur da baƙin ƙarfe ake yin su, a lulluɓe su da siririyar fatar tutiya, kuma muddin fatar tana nan ƙarfen yana cikin aminci. Amma sifana tana kankare ta, yashi yana goge ta, zafin salansa yana ƙona ta. Da zarar ta tafi, ruwa da iska suka haɗu a kan baƙin ƙarfe, tsatsa ta samu gida, gishiri kuwa yana ƙara mata wuta. Takin zamani yana da nau'in gishiri a cikinsa, yana kuma jan laima. Buhu ya ɗan yage, garin ya zuba a kan kariya, yayyafi ya sauka a kai, shi ke nan an haɗa wa tsatsa tuwo da miya. Cikin damina biyu notunan kariyata suka yi jawur kamar an tsoma su a manja, kusurwoyin kansu suka cinye har sifana ta daina kama su.

Ranar da abin ya kai mini iya wuya ita ce ranar da aka zo kwance salansa. Noti guda ya ƙi motsi, aka zuba masa baƙin mai, aka ɗan buga shi, da aka matsa masa sai ya karye, guntun ya tsaya cikin kan inji. Sai da muka tura babur har wurin mai walda, ya liƙa wani noti a kan guntun, sa'an nan aka samu aka murɗo shi. Yini guda cur ya tafi, ban je makaranta ba, ban je gona ba, ga kuɗin da na kashe a kan ƙarfen da bai kai tsawon ɗan yatsana ba. A ranar na yi alkawari a raina cewa sai na raba babur ɗina da tsatsa har abada.

Da farkon daminar bara waccan wani taro ya kai ni Minna. Ina zagayawa a layin masu kayan gyara sai na ga wani shago cike da notuna farare tas, suna ɗaukar ido kamar cokulan amarya. Mai shagon ya ce mini silba ne, watau irin farin ƙarfen nan da ake yin kwanuka da cokula da shi, ya kuma rantse cewa ko a Kogin Kwara na jefa su suka shekara goma, haka zan tsamo su. Ban tambaye shi komai ba illa lambar sifana. Na ɗebi masu lamba goma, da sha biyu, da sha huɗu, wasu daga wannan kwali, wasu daga wancan, na cika leda, na dawo Kontagora ina ji kamar na samo maganin mutuwa.

Akwai wani dattijon makanike da nake kai wa gyara, wanda kowa ke kira Baba. Ya fara koyon sana'ar tun yana yaro, zamanin ƙarin albashin Udoji, wajen 1975, sa'ad da ma'aikata suka yi ta sayen Honda da Suzuki da Yamaha. Na zazzage masa ledar a kan tabarma, na ce ina so a cire kowane baƙin noti a maye gurbinsa da fari. Baba ya ɗauki guda ya juya shi, ya dubi kansa, ya ajiye, ya ɗauki wani. Can ya raba su kashi biyu, ya ce, "Malam, waɗannan masu rubutu a ka zan sa maka su a madigadi da kariya da wurin lamba. Waɗancan marasa rubutu ban san asalinsu ba. Amma taya, da birki, da shokazoba, da faifan sarƙa, ka bar musu nasu. Waɗannan wurare rai ne a kansu."

Na ce, "Haba Baba, ai wannan ya fi na da tsada, kuma ba ya tsatsa." Ya ce, "Ban musa ba, Malam. Rashin tsatsa daban, ƙarfi daban. Ni dai hannuna ba zai sa su a can ba." Na yi shiru, amma a zuciyata cewa nake tsufa ne da tsoron sabon abu. Ni da na yi karatu, na san silba ba ya tsatsa, wane ne zai koya mini? Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa a ranar ƙuƙumina ya ɗauru tam. Na bari sai ranar da na ji Baba ya tafi ta'aziyya ƙauye, na koma garejin, na sami ƙaramin yaronsa, na ba shi ɗan abin sayen goro, na tsaya a kansa ya sauya mini duk notin da ya yi daidai da rami. Wannan abin kunya ne a gare ni, na faɗe shi ne domin kada a ɗora wa yaron laifin da nawa ne.

Damina ta wuce lafiya, babur yana ƙyalli, abokan aiki suna yabawa. Da kaka ta yi, ran wata Asabar, na ɗauki babban ɗana, mai shekara 11, muka tafi gona. Da yamma muka ɗaure rabin buhun masara a kariya, yaron ya zauna tsakanina da buhun, muka kamo hanya. Muna gangarawa cikin rafin nan na taka birkin baya kamar yadda na saba yi sau ɗaruruwa. Sai na ji ƙas! Tayar baya ta ƙame nan take, babur ya ja gefe, muka zube a kan duwatsun gangaren. Ni gwiwa da gwiwar hannu kawai na ƙuje. Yaron kuwa ya kai hannun dama zai tokare ƙasa, buhu ya bi ta kansa. Da na ɗago shi bai yi kuka ba, sai ya riƙe hannun yana cewa, "Baba, hannuna ba ya tashi." Wani manomi da ya biyo bayanmu shi ya ɗauke mu a babur ɗinsa zuwa asibiti, aka duba aka ce ƙashi ya karye kusa da wuyan hannu.

Mako shida yaron ya yi hannunsa a ɗaure, bai iya riƙe alƙalami ba, jarrabawar zangon farko ta wuce shi. Uwarsa ba ta ce mini uffan ba, sai dai in ta zo ba shi abinci a baki ta ɗago ta dube ni, ta mai da kai. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Garin neman gira na tashi rasa ido.

Baba ya zo dubiya, ya yi addu'a, bai ta da maganar ba. Sai bayan kwana uku, da aka turo babur garejinsa, ya kira ni ya nuna mini abin da ya faru. Birkin baya na irin baburanmu yana da faranti wanda takalman birki ke zaune a jikinsa, akwai kuma wata 'yar sandar ƙarfe da ke riƙe farantin kada ya bi taya ya juya. Noti guda ne ke riƙe da sandar a kowane gefe. Nawa ya gutsure gida biyu, farantin ya bi taya ya juya, ya naɗe sandar birki, birkin ya kama kam. Baba ya ɗauko mayen ƙarfe na tsohuwar lasifika ya kai kusa da guntun, sai guntun ya yi tsalle ya manne. Ya goga shi a dutse, farin ya kankare, baƙin ƙarfe ya bayyana. Ashe wannan ko silba ba ne, ƙarfe ne mai taushi aka yi wa wanka. Sa'an nan ya buɗe wani gwangwanin madara ya ɗauko notin asali, wanda yaronsa ya ajiye. Ya ɗan yi tsatsa, amma yana da lamba a kansa, yana da kafaɗa sumul inda sandar ke zama, yana kuma da ɗan rami a ƙarshensa inda ake soka fil a tanƙware ƙafafunsa domin kada zoben ya warware. Nawa mai ƙyalli ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Baba ya ce, "Malam, ko da silban gaske ne, nan ba wurinsa ba ne."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, na tafi wurin wani abokina malamin koyar da aikin ƙarfe, na roƙe shi ya bayyana mini dalili. Abin da ya koya mini shi ne zan taƙaita a nan.

Ƙarfen da ba ya tsatsa ba tsohon abu ba ne. A shekarar 1913 wani Bature mai suna Harry Brearley, a birnin Sheffield na Ingila, yana neman ƙarfen da zai jure a bakin bindiga, ya gauraya baƙin ƙarfe da wani ma'adini da ake kira kuromiyam, kimanin kashi 13 cikin 100, sai ya lura cewa haɗin ba ya tsatsa. Maƙeran wuƙaƙe na garin suka fara amfani da shi, daga nan ya bazu a duniya. Sirrinsa shi ne, idan kuromiyam ya kai aƙalla kashi 10 da rabi cikin 100, yakan haɗu da iska ya yi wata fata a bisa ƙarfen wadda ido ba ya gani, kuma ko an kankare ta takan sake tsirowa da kanta. A nan ya bambanta da noti mai wankan tutiya ko wankan farin ƙarfe, wanda in fatarsa ta tafi ta tafi ke nan.

Notin silba na gaske yakan zo da rubutu a kansa. Wanda aka fi samu shi ne A2-70, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Akwai kuma A4, wanda aka ƙara wa wani ma'adini mai suna molibdinam domin ya jure gishiri, shi ne ya dace da garuruwan bakin teku irin su Ikko da Fatakwal, da kuma kariyar manomi mai ɗaukar taki. Notin baƙin ƙarfe mai inganci shi ma yana da rubutu: 8.8, ko 10.9, ko 12.9. Abokina ya ce in ɗauki kaurin noti in raba shi ƙananan murabba'ai, kowane milimita guda tsawo da faɗi. A noti mai 8.8, kowane murabba'i zai ɗauki kimanin kilo 80 kafin ya tsinke, kuma ba zai fara miƙewa ba sai nauyin ya kai kilo 64. Mai 10.9 zai ɗauki kimanin kilo 100, ba ya miƙewa sai a wajen 90. Silba mai A2-70 kuwa yana tsinkewa a kilo 70, amma tun daga kilo 45 yake fara miƙewa. Wannan lamba ta biyu ita ce abin lura, domin noti in ya miƙe ba ya komawa. Riƙonsa ya sassauta, ƙarafan da ya haɗa su fara wasa, girgizar hanya ta yi ta tanƙwara shi gaba da baya har ya gaji ya karye, ba tare da ya yi sallama ba. Watau in ka cire mai 10.9 ka sa A2-70, ka rage rabin ƙarfin riƙo, alhali kana tsammanin ka ƙara. Noti mara rubutu kuwa ba wanda ya san iyakarsa, sai ranar da ya nuna.

Ya kuma ja mini kunne game da mayen ƙarfe. Gwaji ne mai amfani, amma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Idan noti ya manne da ƙarfi, ba A2 ba ne, ba kuma A4 ba. Silban gaske ko dai maye ya ƙi shi, ko ya ɗan ja shi kaɗan saboda matsar da ya sha wajen ƙira. Amma akwai wani silba mai araha, wanda aka rage wa nikel, shi ma maye ba ya kama shi sosai, kuma yana tsatsa. Saboda haka sai a haɗa gwajin maye da duba rubutu, da kuma sanin wanda ake saye a hannunsa.

Silban gaske ma yana da larura biyu, kuma duka biyun na gan su da idona sa'ad da Baba yake kwance abin da na sa. Ta farko, in aka murza silba cikin silba a bushe, da sauri, da ƙarfi, zaren yakan cije juna har su zama kamar an yi musu walda. Noti guda na kariyata haka ya yi, ya ƙi gaba ya ƙi baya, sai da zarto aka yanke shi. Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Jikin injin babur da alminiyam ake yin shi, wanda wasu ke kira sanholo. In silba ya zauna cikin alminiyam, ruwa ya shiga tsakaninsu, sai su zama kamar ɗan ƙaramin batir, kuma alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Da aka kwance murfin gefen injina, notin ya fito fes, amma wani farin gari ya biyo shi, zaren ramin ya fara rubewa. Noti ana sayensa a sake, jikin inji kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne. Maganin larurorin biyu shi ne a shafa wa zaren giris na musamman mai hana cijewa, a murza a hankali da hannu, a kuma tuna cewa zare mai maiƙo ba ya bukatar matsa irin ta busasshe, in an matsa da yawa zaren alminiyam ya tsige.

Ana cikin haka wani ɗan ƙanena da ke karatu a Kaduna ya zo gaishe da maras lafiya, ya ji labari, sai ya buɗe wayarsa ya nuna mini hotunan wasu notuna masu launin shuɗi da ruwan zinariya. Ya ce, "Baffa, taitaniyam ya kamata ka saya, ba ya tsatsa, ga ƙarfi, ga rashin nauyi." Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, saboda haka na sake komawa wurin abokina. Ya ce yaron bai yi ƙarya ba. Wani limamin coci mai suna William Gregor ya gano ma'adinin a yankin Cornwall na Ingila a 1791, amma ba a samu hanyar tace shi da yawa ba sai da William Kroll ya fito da dabararsa wajen 1940, kuma wahalar tacewar ce ke sa shi tsada har yau. Nau'in da ake yin noti mai kyau da shi ana kiransa mai daraja ta 5, an gauraya shi da alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4. Yana ɗaukar kimanin kilo 90 a kowane murabba'i, watau ya fi silba ƙarfi nesa ba kusa ba, nauyinsa kuwa ya ɗan ɗara rabin na baƙin ƙarfe. Shi ya sa ake ƙera sassan jirgin sama da shi, likitoci kuma suna ɗora ƙashi da shi a cikin jikin mutum. Na gode wa Allah da karayar ɗana ba ta kai ga haka ba.

Amma ya ce in yi la'akari da abu uku. Na ɗaya, taitaniyam ma yana cijewa in an murza shi a bushe, yana kuma cin alminiyam kamar yadda silba ke yi. Na biyu, launi ba shaida ba ne, domin ana rina alminiyam da baƙin ƙarfe su yi irin wannan launi, kuma notin alminiyam mai launi a wurin birki kabari ne a buɗe. Ko taitaniyam ɗin ma akwai mai daraja ta 2, wanda ƙarfinsa bai kai rabin na 5 ba, ido kuwa ba ya raba su. Na uku, masu tseren babura a Turai da Japan suna biyan kuɗinsa ne domin su rage nauyi, tunda a wurinsu ƙiftawar ido ke raba na ɗaya da na biyu. Ni da nake ɗora buhun masara a kariya, ko na sauya kowane noti ba na jin abin da zan rage zai kai nauyin mudu biyu. Kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Ga yadda muka daidaita da Baba a ƙarshe, kuma a kan haka babur ɗina yake har yau. Duk inda rai ya rataya, watau shaf ɗin taya, da birki, da shokazoba, da faifan sarƙa, da maɗaurin kan babur, da notunan da ke riƙe inji a jikin firam, na asali muka mayar, ko muka sayi irinsa sak a wurin dillalin kayan kamfanin, da fil ɗinsa da washarsa. Tsatsarsu kuwa da giris da fenti muke yaƙarta, muna duba su farkon damina da ƙarshenta, wanda ya fara cinyewa a sauya shi tun bai kai ga karyewa ba. Inda ruwa da taki ke zama amma nauyin rai ba ya kai, kamar madigadi, da murfin sarƙa, da wurin lamba, da fitilu, nan silba mai rubutu ya samu gurbi, kowane da giris a zarensa. Na kariya mun sa A4 masu kauri, muna kuma duba su. A jikin inji mun bar notunan kamfani. Taki kuwa ba na ɗora shi sai na shimfiɗa leda mai kauri, in na sauke in wanke kariya a ranar, ko da dare ya yi.

Akwai wani kuskure kuma da na yi a Minna wanda na ga mutane da yawa suna yi, shi ne sayen noti da lambar sifana kawai. Lambar sifana faɗin kai take nunawa, ba kaurin jiki ba. Noti mai kaurin milimita 8 a baburan ƙirar Japan sifana 12 ke kama shi, irinsa na ƙirar Turai kuwa 13. Mai kaurin milimita 10 yana da zare iri-iri, kamar mai tazarar 1.25 da mai tazarar 1.5, in ka tilasta wannan a ramin wancan ka kashe zaren. Wasu kamfanonin babura kuma suna da alamominsu daban a kan noti. Saboda haka tsohon notin shi ne ma'auni: ka tafi da shi kasuwa a aljihu, ka gwada tsawo da kauri da zare da kafaɗa da rami, in ɗaya ya saɓa ka bar shi.

Ina kira ga masu sayar da kayan gyara su ji tsoron Allah, su daina kiran mai wanka silba, domin ribar da za a samu a kan noti guda ba ta kai hannun yaro ba. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa su sa wannan magana cikin abin da suke gargaɗin matasansu a kai, tunda ado da notuna masu launi ya zama yayi, kuma fasinja ba ya sanin abin da ke ƙarƙashinsa. Makanikai kuma su yi koyi da Baba, su iya cewa a'a ko da mai babur zai yi fushi ya tafi da kuɗinsa. Mu kuma masu ɗan ilimin boko mu rage raina mutumin da ya shekara hamsin da sifana a hannu. Bai san sunan Brearley ba, amma da ya dubi ledata sau ɗaya ya san abin da ni sai da jinin gwiwata da ƙashin ɗana na sani.

Yaron ya warke, alhamdu lillahi, yana rubutu da hannun kamar da, sai dai in sanyin hunturu ya tsananta yakan ce yana ɗan yi masa tsami. Ya koma bina gona, uwarsa ta yarda bayan an sha rarrashi. Kullum kafin in tayar da babur nakan durƙusa in taɓa notin sandar birki, in ga fil ɗinsa yana nan a tanƙware. Baƙi ne, ba ya ƙyalli, giris ya kama ƙura a kansa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu a kan hanya, Ya sa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amin.